Awo a ƙarƙashin maikiroskof: tambayoyi da amsoshi kan saitin awo da sandar awo

Hoton da aka ɗauka da maikiroskof bai san girman abin da ke cikinsa ba. Abin da kwamfuta ta sani shi ne yawan fiksel, wato ɗige-ɗigen da suka haɗu suka zama hoto: kaza a faɗi, kaza a tsayi. Mutum ne zai gaya mata cewa kowane fiksel yana tsaye a madadin maikiromita kaza a jikin samfur. Wannan lamba guda ita ce saitin awo, kuma a kanta tambayoyin nan suke kewayawa. Maikiromita, wadda ake rubutawa µm, kashi 1 ce cikin 1000 na milimita. Nanomita kuma kashi 1 ce cikin 1000 na maikiromita.

An rubuta 40x a jikin objektif, wato gilashin da ke kusa da samfur, 10x a gilashin ido. Ba sai in rubuta 400x a ƙarƙashin hoton in huta ba?

A'a. Wannan 400x ɗin na idonka ne a lokacin da kake leƙawa. A yawancin maikiroskof masu kafar kyamara a sama, hasken da ke zuwa kyamara ba ya ma bi ta gilashin ido, don haka 10x ɗin ba shi da hurumi a lissafin hoto. Ko da a ce yana bi, da zarar hoto ya bar na'ura girmansa ya koma hannun allo: a waya ya yi kamar tafin hannu, a ɗakin taro majigi ya shimfiɗa shi a bango, a mujalla a matse shi cikin rabin shafi. Ƙwayar jinin da ke ciki ta canza girma a kowane wuri, rubutun 400x kuwa yana nan bai motsa ba. Ita sandar awo, wato ɗan layin da ake sawa a hoto tare da faɗin tsawon da yake wakilta a jikin samfur, a cikin hoton take, tana girma tana ƙanƙancewa tare da shi, shi ya sa mujallun kimiyya da yawa suke nemanta. Ka rubuta sunan objektif a bayanin yadda aka yi aikin, don mai karatu ya san irin gilashin da ya ɗauki hoton. Ba dai da shi ake awo ba.

To a ina zan samo lambar fiksel ɗin?

Hanya 2 ce, lissafi da gwaji, kuma gara a bi duka.

Lissafin ba shi da wuya. Kowace kyamara tana da girman fiksel ɗinta a rubuce a takardar bayaninta: wasu 2.4 µm, wasu 3.45 µm, kyamarorin bincike da yawa 6.5 µm, wasu na ɗaukar haske mai rauni har 16 µm. Sai ka raba wannan da jimillar ninkin da ke tsakanin samfur da kyamara, wato na objektif sau na adaftar da aka ɗaura kyamarar a kanta. A ce kyamararka mai 3.45 µm ce, objektif 40x, adafta 0.5x. Jimillar ninki 20 ke nan, fiksel ɗaya kuma ya kama 0.1725 µm a jikin samfur. Da adaftar 1x ce, da lambar ta zama rabin haka, wato 0.08625 µm. Mutane da yawa ba su taɓa duba abin da aka rubuta a jikin adaftarsu ba, alhali ita kaɗai tana iya ninka duk awonsu sau 2.

Abin da lissafi ke ba ka shi ne abin da ya kamata a samu. Abin da aka samu a zahiri sai an ɗora rular gilashi an gani.

Mece ce rular gilashi, kuma yaya ake aiki da ita?

Gilashi ne mai kama da wanda ake ɗora samfur a kai, sai dai a tsakiyarsa an zana rula ƙarama ƙwarai. Wadda aka fi samu tsawonta milimita 1 ne, an kasa shi gida 100, kowane gida 10 µm. Akwai mai milimita 2 mai gida 200, akwai kuma masu tsawo don maikiroskof mai ƙaramin ninki. Yawanci ana rubuta 0.01 mm a gefen gilashin, ma'ana faɗin gida guda.

Nemo ta ma aiki ne ga wanda bai saba ba. Ɗaga gilashin ka karkata shi a haske, za ka hango wani ɗan da'ira a tsakiya, rular tana cikinsa. Tabbatar fuskar da aka yi zanen ce ke kallon objektif. Fara da 4x ko 10x, ka nemi bakin da'irar ka daidaita gani a kansa, sannan ka zame zuwa tsakiya. Idan layukan sun ƙi fitowa, ɗan rage buɗewar kondensa, gilashin da ke tara haske zuwa kan samfur, su yi duhu. Bayan ka kama su sai ka juya zuwa objektif ɗin da kake son gwadawa, ka sake daidaitawa har gefen layukan ya fito tar, ka ɗauki hoto da irin saitin kyamarar da za ka yi aiki da shi, ba tare da canza komai ba.

A 40x ko 100x za ka lura cewa layin da a da yake siriri ya zama katako mai kauri, har yana cin fiksel da yawa. A nan gizo ke saƙa. Idan ka fara awo daga gefen hagu na layin farko ka ƙare a gefen dama na layin ƙarshe, ka ƙara kaurin layi guda a kan tsawon. Daga gefen hagu zuwa gefen hagu ake yi, ko daga tsakiya zuwa tsakiya.

Abu na biyu, auna mafi tsawon nisan da ya shiga hoton. Hannu yana kuskuren fiksel 1 ko 2 wajen ja layi, wannan babu makawa. A misalinmu na sama, gida guda na 10 µm fiksel 58 ne kacal, kuskuren fiksel 2 a kansa ya haura kashi 3 cikin 100. Idan gida 30 ka auna, wato 300 µm, kusan fiksel 1740 ke nan, kuskuren nan guda ya koma kusan kashi 0.1 cikin 100. Sai ka raba nisan da yawan fiksel. A ce ka samu fiksel 1752 a kan 300 µm: lambarka 0.1712 µm ce, ta ɗan saɓa wa lissafi da ƙasa da kashi 1 cikin 100. Irin wannan saɓani ba abin damuwa ba ne, kuma da lambar gwaji za ka yi aiki.

Ƙarasa da juya rular a tsaye ka sake gwadawa. A kyamara ta zamani fiksel murabba'i ne, lambobin za su zo ɗaya. A maikiroskof na konfokal, inda madubai masu motsi ke share samfur da hasken lesa layi bayan layi, kwance da tsaye suna iya saɓawa idan saitin maduban ya goce.

Yaya zan shigar da lambar a ImageJ ko Fiji?

ImageJ manhaja ce ta kyauta da Wayne Rasband ya rubuta a cibiyar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta fito a 1997. Fiji kuwa ita ce dai ImageJ ɗin da aka haɗo da ƙarin kayan aiki. Buɗe hoton rular, ɗauki alƙalamin miƙaƙƙen layi, ka ja daga layin farko zuwa na ƙarshe. Ka ƙara girman hoton a allo tukun don ka ga inda kake sa baki. Sai ka shiga Analyze, ka zaɓi Set Scale. Za ka tarar manhajar ta riga ta cike yawan fiksel. A gurbin Known distance ka sa nisan, misali 300, a gurbin Unit of length ka rubuta um. Idan kuma ka riga ka san girman fiksel, ta Image, sannan Properties, za ka iya rubuta shi kai tsaye.

Akwai wani ɗan akwati a wannan taga mai suna Global. Idan ka kunna shi, saitin zai hau kan duk hotunan da ka buɗe har ka rufe manhajar, ko da an ɗauke su da wani objektif dabam. Yana sauƙaƙa aiki ga mai hotuna 50 duk na 40x. Ga mai haɗa na 10x da na 40x kuwa tarko ne, domin lambobi za su ci gaba da fitowa sumul ba tare da wata alamar cewa sun kauce ba.

Idan na gwada 10x, ba zan iya lissafa na 40x ta hanyar rabawa da 4 ba?

Za ka samu abin da ya yi kusa. Amma ninkin da aka rubuta a jikin objektif na suna ne, ainihinsa yana iya ɗan haurawa ko ya gaza, kuma kowane gilashi da nasa. Tunda rular na kan na'ura, ɗauki hoton kowane objektif ka rubuta lambobin a takarda ka manna kusa da maikiroskof ɗin.

Manhajar kamfanin da ya ƙera na'urar tana sa sandar awo da kanta. In yarda da ita?

Bayan ka gwada ta da rula, e. Manhaja tana lissafi ne da abin da aka gaya mata. A manyan na'urori akwai sensa a majuyin objektif da ke sanar da kwamfuta wanne ne a bakin aiki. A na'urorin da ake juyawa da hannu, mai aiki ne ke zaɓar objektif daga jeri a allo. Ya juya zuwa 40x ya manta allo na kan 10x, hoton zai fita da sanda mai kyan gani wadda ta yi ƙarya ninki 4, kuma ƙaryar za ta shige cikin bayanan fayil ɗin ta zauna. Haka nan wasu na'urori suna da wani gilashin ƙarin ninki a ciki, 1.5x ko 1.6x, mai maɓalli a gefe. Wanda ya yi aiki kafin kai yana iya barinsa a kunne.

Akwai kuma haɗe fiksel, inda kyamara ke tara 2 a kwance da 2 a tsaye su zama guda don a samu ƙarin haske. Wannan yana ninka girman fiksel sau 2. Manhaja mai kyau tana gyara lissafin, amma wanda ya rubuta lambarsa a takarda dole ya tuna da kansa.

Lissafina da gwajina sun saɓa da kusan kashi 10 cikin 100. Mene ne dalili?

Fara zargin adafta, domin 0.5x, 0.55x da 0.63x duk suna nan, kuma a ido kamarsu ɗaya. Idan ba ita ba ce, duba ko objektif ɗin da jikin maikiroskof ɗin 'yan gida ɗaya ne. Objektif na zamani, mai alamar ∞ a jikinsa, ba ya haɗa hoto shi kaɗai, sai da taimakon wani gilashi da ke cikin jikin na'urar, kuma kowane kamfani da tsawon da ya zaɓa wa wannan gilashi: Nikon da Leica milimita 200, Olympus 180, Zeiss 165. Ninkin da ke jikin objektif an lissafa shi ne bisa tsawon gidansu. Ɗauki objektif 60x na Olympus ka ɗaura a na'ura mai gilashin milimita 200, ninkinsa ya zama kusan 66.7x, ƙarin kashi 11 cikin 100 ke nan. Tsofaffin objektif masu lamba 160 ko 170 a jiki su ma an yi su ne don bututu mai wannan tsawon a milimita, sun fita daga nan awo ya goce.

Kada kuma a raina kuskuren tsawo, domin yana hayayyafa. Kashi 10 cikin 100 a tsawo ya zama 21 a faɗin fili, ya zama 33 a girman jiki gaba ɗaya.

Ba ni da kyamara, da ido nake aiki. Yaya zan yi awo?

Da rular ido, wani ɗan faifan gilashi mai zane da ake sawa cikin gilashin ido. Gidajensa ba su da wani tsayayyen girma a jikin samfur sai an gwada su da rular gilashi. Ɗora rular, juya gilashin ido har zanen biyu su kwanta a jere, haɗa sifili da sifili, sannan ka bi da ido zuwa dama ka nemi wuri mafi nisa da layukan biyu suka hau kan juna daidai. A ce a 40x gida 40 na rular ido sun yi daidai da gida 10 na rular gilashi. Gida 10 ɗin 100 µm ne, don haka kowane gidan ido 2.5 µm ne a wannan objektif. Lambar ta wannan maikiroskof ce da wannan gilashin ido kaɗai. An ɗauke gilashin idon an kai wata na'ura, sai a sake gwaji.

Shin bambancin maikiromita 2 ko 3 yana canza wani abu a aikin asibiti?

Ƙwarai. A gwajin bayan gida, ƙwan ƙwayar cutar Cryptosporidium yana tsakanin 4 zuwa 6 µm, na Cyclospora kuwa 8 zuwa 10 µm. Dukansu zagayayyu ne, rini iri ɗaya yana kama su, kuma girma na cikin manyan abubuwan da ake raba su da shi. Maganinsu kuma ba ɗaya ba ne. Haka Entamoeba hartmanni, wadda ba ta sa cuta, da Entamoeba histolytica mai sa atini: ƙullin ta farkon bai kai 10 µm ba, na ta biyun daga 10 ne zuwa sama. Mai rular da ta kauce zai iya sa a yi wa lafiyayye magani, ko a sallami mara lafiya.

Masu duba tsokar jiki su ma abin ya shafe su. A sankarar fata ta melanoma, kaurin ƙarin a milimita, wanda ake kira awon Breslow, shi ne ginshiƙin tantance matakin cutar, kuma iyakokinsa suna kan milimita 1, 2 da 4. Sannan ga tsohuwar al'adar ƙirga ƙwayoyin da ke rabuwa a cikin fili 10 na babban ninki. Faɗin filin da ido ke gani ya dogara da lambar da ke jikin gilashin ido, wadda ake rabawa da ninkin objektif. Gilashi mai lamba 22 a kan 40x yana nuna fili mai faɗin milimita 0.55, mai lamba 18 kuwa 0.45. A murabba'in milimita, 0.238 ke nan da 0.159. Likitoci biyu sun ƙirga fili 10 kowannensu, amma ɗaya ya duba wurin da ya fi na ɗayan da kusan rabi. Saboda haka ne aka koma bayar da ƙidayar a kan murabba'in milimita.

Ba ni da rular gilashi. Akwai abin da zai maye gurbinta?

Gilashin ƙirga ƙwayoyin jini na Neubauer shi ne ya fi kusa. Manyan gidajensa milimita 1 ne kowanne, na tsakiya an kasa shi gida 25 masu faɗin milimita 0.2, kowanne daga cikinsu kuma an sake kasa shi 16 masu faɗin milimita 0.05, wato 50 µm. Layukansa suna da kauri, kuma gilashin da kansa yana da kauri, don haka a yi hattara da objektif mai matsowa kusa. Don aikin yau da kullum ya wadatar. Mai na'urar da teburinta ke tafiya da mota yana iya matsar da samfur nisan da ya sani ya ga fiksel nawa wani ɗigo ya gusa. Manhajar Micro-Manager tana da kayan yin haka.

Jar ƙwayar jinin mutum tana kusan 7 zuwa 8 µm, kuma tana da amfani wajen kama babban kuskure: idan awonka ya ce 30, ka san wani abu ya lalace. Saita na'ura da ita kuwa ganganci ne, tunda girmanta yana canzawa da cuta da yadda aka shimfiɗa jinin. Antonie van Leeuwenhoek, mai ƙera maikiroskof na garin Delft a ƙasar Holland, a ƙarni na 17, da ƙwayar yashi yake kwatanta girman halittun da yake gani. Shi ba shi da zaɓi a lokacin.

Hoton da na ɗauka da waya ta gilashin ido fa?

Shi ne mafi wuyar sha'ani. Waya tana canza zum, tana iya sauya kyamara da kanta, nisanta da gilashin ido ma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Sai an ɗaure ta da maɗauri, an kulle zum, an ɗauki samfur, sannan a zare shi a sa rula a ɗauka ba tare da an taɓa wayar ba. Idan da'irar filin gaba ɗaya ta fito a hoton, faɗinta ma ma'auni ne na kusa-kusa, ta lissafin lambar gilashin ido da aka yi bayani a sama. A kuma kwafi fayil ɗin asali zuwa kwamfuta, domin WhatsApp da ire-irensa suna rage yawan fiksel idan an tura hoto a matsayin hoto.

Wane tsawo ya dace da sandar awo, kuma a ina zan sa ta?

Lamba cikakkiya mai sauƙin riƙewa: 5, 10, 20, 50, 100 µm. Sanda mai 37.4 µm ba ta taimaki kowa ba. A ganina abin da ya kai kashi 1 cikin 10 zuwa 1 cikin 5 na faɗin hoton ya fi daɗin karantawa, kuma ya fi kyau ta yi kusa da girman abin da ake nunawa, don ido ya iya gwada su. Kusurwar ƙasa ce mazauninta, inda ba ta rufe komai ba, fara a kan duhu, baƙa a kan haske. Tsawonta a rubuta shi a kanta ko a bayanin hoto. Idan hotuna da yawa a jere girmansu ɗaya, sanda guda ta isa muddin an faɗi haka. Ɗan hoton da aka ƙara wa girma aka manna a kusurwa yana bukatar tasa.

A ImageJ tana ƙarƙashin Analyze, Tools, Scale Bar. Kunna Overlay don ta zauna a saman hoton ba ta shige cikinsa ba. Sandar da aka ƙone cikin hoto ta goge fiksel ɗin da ke ƙarƙashinta har abada, kuma farinta zai shiga lissafi idan aka zo auna haske. A kwafi ake sa ta, hoton asali a bar shi yadda ya fito daga kyamara. Jan layi da hannu a PowerPoint a rubuta 50 µm a kai bisa kintace kuwa ƙirƙirar bayani ne, ko da ba da mugun nufi aka yi ba.

Yanke hoto ko rage girmansa yana ɓata awo?

Yankewa ba ta taɓa girman fiksel. Rage girma ko ƙarawa yana canza shi. Idan sandar ta riga ta hau kafin a rage, kuma an rage faɗi da tsayi tare, tana nan daidai. An ja hoton ta gefe guda don ya cika gurbi a shafi, sandar da siffar ƙwayoyin duk sun tashi daga aiki.

Na saita, na adana, na sake buɗewa, awon ya ɓace. Me ya faru?

Nau'in fayil ne. ImageJ yana ajiye saitin awo a cikin TIFF, amma JPEG da PNG ba sa tafiya da shi. JPEG ma yana ƙara da matse hoto ya ɓata gefen abubuwa, wurin da awo ke farawa ya ƙare. Fayilolin kamfanoni, CZI na Zeiss, ND2 na Nikon, LIF na Leica, suna ɗauke da girman fiksel da sunan objektif, kuma Bio-Formats da ke cikin Fiji yana karanta su. Ajiye su ko da ka fitar da kwafi. Don tura wa wani, OME-TIFF ya fi aminci.

Wani lokaci kuma za ka buɗe TIFF ka ga awo a inci. Wannan lambar bugawa ce da wata manhajar gyaran hoto ta rubuta, kamar ɗigo 72 ko 300 a inci, ba ta da alaƙa da samfur. Goge ta ka sa taka. Dabara mai sauƙi: rubuta objektif da girman fiksel a sunan fayil tun ranar ɗauka. Tun ran gini, tun ran zane.

Manhaja ta ba ni 0.4372 µm. Awon ya kai wannan ƙwarewa?

Bai kai ba. Haske yana da iyakar da ba ya wucewa wajen raba abu biyu makusanta, kuma Ernst Abbe ya fitar da lissafinta a 1873: tsawon zangon haske a raba da ninki 2 na lambar NA, wadda ke rubuce a jikin objektif bayan ninkinsa. Da koren haske mai nanomita 550 da objektif na mai, wanda ake ɗiga mai tsakaninsa da samfur, mai NA 1.4, iyakar ta kama kusan nanomita 200. Da 40x mai NA 0.65, ta haura nanomita 400. Duk abin da girmansa bai kai wannan iyaka ba zai bayyana a matsayin ɗigo mai faɗin iyakar, ko shi nanomita 100 ne ko 20. Za ka iya faɗin inda yake, faɗinsa kuwa na hasken ne kake aunawa.

Fiksel ma yana da nasa sharaɗi: aƙalla 2 su shiga cikin wannan iyaka. Kyamara mai 6.5 µm a kan 60x tana ba da fiksel mai nanomita 108, wanda ya ɗan haura rabin iyakar nanomita 200, a kan 100x kuwa nanomita 65, wanda ya cika sharaɗin. Ƙara zum a kwamfuta bayan ɗauka ba ya kawo sabon bayani. A rahoto, rage lambobin bayan ɗigo zuwa abin da na'urarka za ta iya karewa, ka kuma faɗi yadda ka yanke shawarar inda gefen abu yake, domin sau da yawa wannan shawara ta fi kuskuren rula girma.

Tsakiyar hoto da gefensa awonsu ɗaya ne?

Ba kullum ba. Matsar da rular zuwa gefe da kusurwa ka sake aunawa. Idan gidajen sun buɗe ko sun matse, gilashin yana lanƙwasa hoto, abin da aka fi gani a adafta mara inganci da hoton waya. Sai ka riƙa kawo abin awo tsakiya.

Zurfi fa? Saitin kwance ya isa ga hoto mai hawa-hawa?

Bai isa ba, kuma rular gilashi ba ta da abin cewa a nan. Kwamfuta tana rubuta nisan da objektif ko teburi ya motsa, amma wurin da haske ya haɗu cikin samfur ba lallai ya motsa daidai da haka ba, saboda haske yana karyewa idan ya ratsa daga wani abu zuwa wani. Ma'aunin karyewar iska 1.0 ne, na ruwa 1.33, na man objektif kusan 1.515. Busasshen objektif yana duba samfur a cikin ruwa: teburi ya motsa 10 µm, gani ya nutsa kusan 13, sai abu ya fito a daddanne. Objektif na mai a kan samfurin ruwa: teburi ya motsa 10, gani ya nutsa kusan 9, sai abu ya fito a miƙe. Wannan lissafin farko ne kawai, a babban NA saɓanin yana ƙaruwa. Maganin da ya fi shi ne a daidaita objektif da abin da samfur ke ciki, na ruwa ga samfurin ruwa, a kuma yi amfani da murfin gilashi mai kaurin milimita 0.17 da aka ƙera yawancin objektif dominsa. Ana gwada zurfi da ƙananan duwatsun roba masu ƙyalli waɗanda aka san girmansu, a zuba su cikin irin ruwan da samfur yake ciki.

Maikiroskof na lantarki yana rubuta ninki da sanda a ƙasan hoto. Shi ma sai an gwada?

Shi ma. Ninkin da yake rubutawa an lissafa shi ne bisa wani girman allo ko takarda da kamfani ya zaɓa, don haka sanda ko girman fiksel ake bi. Ana gwada shi da zanen layuka 2160 a milimita, wato tazarar nanomita 463, a babban ninki kuma da tazarar jerin ƙwayoyin zarra na zinariya, nanomita 0.235. Nisan samfur da ƙarfin lantarki suna taɓa ninkin, a gwada a yanayin da za a yi aiki.

Na'ura ta daidaita. Ke nan girman da na auna shi ne na abin yana raye?

Girman abin da ke kan gilashi ne. Fomalin, barasar tsotse ruwa da kakin da ake daskarar da tsoka a ciki duk suna sa ta tsuke, busarwa ma haka, murfin gilashi kuma yana iya danne abu mai laushi ya baje. Kwatanta samfuran da aka shirya ta hanya ɗaya, ka faɗi hanyar a rahoto.

Sau nawa ake sake gwaji, kuma wa ya tabbatar da ita rular kanta?

Duk lokacin da aka canza kyamara, adafta, objektif ko manhaja, ko aka kwance na'urar don gyara. Ɗakunan gwaji da yawa suna ƙara da gwajin shekara-shekara a rubuce. Maikiroskof mai zum yana bukatar gwaji a kowane matsayi, kuma a matsayin da maɓallin ke yin ƙas ya tsaya kaɗai ake iya komawa daidai.

Rular ma akwai daraja-daraja. Ta koyarwa ba ta zuwa da takarda. Ta aikin masana'anta ko ɗakin gwaji mai bin ƙa'idar ISO/IEC 17025 tana zuwa da takardar shaida da ke danganta ta da hukumar awo ta ƙasa, irin NIST a Amurka, NPL a Ingila ko PTB a Jamus. Masu duba ƙarafa suna da jagorar ASTM E1951 kan wannan gwaji.

Ina da tsohon hoto, babu sanda, babu bayanin fayil. Za a iya ceto shi?

Idan na'urar da kyamarar suna nan yadda suke, ka san objektif ɗin, kuma yawan fiksel na hoton ya yi daidai da abin da kyamarar ke fitarwa, ɗauki hoton rula yanzu ka ɗora lambar a kansa, ka rubuta cewa daga baya aka saita. Idan samfurin yana nan, sake ɗauka ya fi sauƙi. Idan babu ko ɗaya, hoton zai iya nuna siffa da launi, amma kada a sa masa sanda, kada kuma a fitar da lambar awo daga cikinsa.